Maigidana da yayana sun daina gaisawa kan siyasar Kano, alhali muna Makka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Shekarata goma sha ɗaya a Makka, muna zaune wajen Shara Mansur, ina sana'ar abinci. Maigidana ɗan jar hula ne. Yayana kuwa, wanda ya riga mu zuwa ƙasar nan har shi ya kama mana ɗaki, yana ɗaya ɓangaren. Lokacin shari'ar zaɓen gwamnan Kano suka yi cacar baki a zauren WhatsApp na dangi. Yaya ya kira shi ɗan abi yarima a sha kiɗa, shi kuma ya ce an sayi Yaya da taliya. Da, duk Juma'a in an sauko daga Harami tire ɗaya nake zuba musu. Yanzu sai na raba kwano, na Yaya yaro ke kai masa. Ga wani zaɓen yana matsowa, wayoyi sun fara zafi. Malama na gaji, yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yaye miki. Kwanon nan da kike rabawa biyu shi ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, domin ke ce ke ɗauke da nauyin faɗan da ba ki tara ba.

Na daɗe ina sasanta iyali, kuma abin da na gani shi ne ra'ayi kaɗai ba ya raba mutane shekara da shekaru. Zagi ne ke raba su. Ki duba kalmomin da suka jefi juna da su. Wanda aka ce wa ɗan abi yarima, an ce masa ba shi da hankalin kansa. Wanda aka ce an saye shi da taliya, an taɓa mutuncinsa, kuma ƙanin da ya yi wa masauki a baƙuwar ƙasa ne ya taɓa shi, a gaban yara da surukai. Wannan ne ciwon. In kika tsaya neman wanda ya fi gaskiya a kan Kwankwasiyya da Gandujiyya, za ki shekara ba ki taɓa inda ke musu zafi ba.

Ba ina raina abin da ya harzuƙa su ba. Zaɓen nan ya ja rai. An kaɗa ƙuri'a ranar 18 ga Maris 2023, aka ce Abba Kabir Yusuf ya ci. A watan Satumba kotun sauraron ƙarar zaɓe ta soke nasarar ta ba Nasiru Gawuna, kotun ɗaukaka ƙara ma ta bi sahu a Nuwamba, sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa. Wata kusan goma ke nan kowane ɓangare yana dariya yau, gobe yana kuka. Kuma wanda ke nesa da gida ya fi jin abin a jikinsa. Mutumin Kano yana ganin abokin hamayyarsa a kasuwa da masallaci da wajen jana'iza, dole su gaisa. Na Makka kuwa Kanonsa ta koma cikin waya, daga guntun bidiyo sai muryar sojojin baka, waɗanda da yawansu da zafin bakin suke cin abinci.

Akwai abin da nake so ki sani, ko da ba za ki faɗa musu shi da gatse ba. Daga nan inda suke, babu mai ƙuri'a a cikinsu. Dokar Najeriya ba ta ba mazauna waje damar zaɓe daga inda suke ba. A watan Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirin da ya nemi a ba su. Sai mutum ya tafi gida da katinsa ya bi layi a rumfar da ya yi rajista. Su kuma waɗanda ake faɗan dominsu, Ganduje mataimakin Kwankwaso ne daga 1999 zuwa 2003, da kuma 2011 zuwa 2015, jar hula ɗaya suke sawa. Kwankwaso ya zauna PDP, ya koma APC, ya dawo PDP, ya tafi NNPP a 2022. Iyayenmu ma sun ga irin wannan lokacin da PRP ta dare gida biyu, santsi na Abubakar Rimi da taɓo na Malam Aminu Kano. 'Yan siyasa suna ɓatawa su shirya gwargwadon buƙatarsu, amma yayanki ba zai taɓa tashi daga kawun 'ya'yanki ba.

To ga shawarata. Kada ki haɗa su zama ɗaya tukuna, kuma kada ki zama mai kai saƙo tsakaninsu. Ki fara da maigidanki, a lokacin da ya ci ya huta, wayar ba ta hannunsa. Kada ki ce ya bar jar hularsa, haƙƙinsa ne. Ki ce masa kalma ɗaya ce ke hana ki barci, wadda ya faɗa wa Yaya. Shi ne ƙarami, shi ne kuma suruki, a al'adarmu ƙafarsa ce ta fi sauƙin takawa. Ki tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Mutumin da ke kallon Ka'aba duk mako ya san nauyin wannan magana.

Yaya kuwa, ba ke za ki yi masa faɗa ba. Ki nemi dattijon da yake jin nauyinsa a cikin 'yan garinku na nan, ko mahaifiyarku in tana raye ta kira shi daga gida. A nuna masa shi ma ya yi ɓarin baki, kuma in ƙanin ya zo da sallama kada ya bar hannunsa a miƙe.

Zauren dangin nan ma yana buƙatar gyara kafin kamfe ya kankama. A sa babba ya shar'anta cewa na haihuwa ne da aure da rasuwa da gudummawa, mai son siyasa ya buɗe nasa. Ki kuma ja kunnen maigida a kan abu ɗaya: Saudiyya ba ta yarda da jam'iyyu ko gangamin siyasa ba, kuma hukuma na hukunta zagi da ɓata suna ta waya. Baƙon da ke zaune da igama, wato takardar izinin zama, bai kamata ya bar gardama ta kai shi inda za a tambaye shi takardunsa ba.

Juma'ar da kika ga maigida ya huce, ki dafa abin da Yaya ya fi so, ki ba maigidan kwanon ya kai da hannunsa maimakon yaro. Ba sai sun yi dogon bayani ba. In ya dawo ya ce sun gaisa kawai, kada ki matsa da tambaya, ki bar Juma'a ta gaba ta zo. In kuma Yaya ya ƙi karɓa, ki sake rubuto mini mu duba wanda za a tura masa.