Yadda za ka gwada kanka a kan labaran duniya

Ƙanena, ka ce kana shirin gasar kacici-kacici ta labaran duniya a makarantarku nan Sakkwato, kana so ka san yadda za ka gane ko ka shirya.

Sauraro kaɗai ba ya isa. Mutum zai wuni da BBC Hausa a kunne, amma a tambaye shi abin da aka faɗa jiya sai ya fara sosa ƙeya. In shirin safe ya ƙare, kashe rediyon, ka rubuta labarai uku da ka: wa, ina, yaushe, me ya jawo. Da yamma ka duba DW ko RFI ka gyara.

"Me ya jawo" ɗin nan shi ke kayar da mutane. Kowa a Sakkwato ya san sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, don mun ji a jikinmu da aka rufe iyakar Illela. To amma za ka iya bayyana yadda takunkumin ECOWAS da barazanar yaƙi suka tura Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, har suka fice daga ECOWAS ɗin a Janairun 2025? Nan nake so ka fi zama.

Na hadda ba su da wuya: António Guterres ya zama Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, masu kujerar dindindin a Kwamitin Tsaro su ne Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin.

Sai ka samu abokai biyu wajen mai shayi ku riƙa yi wa juna tambayoyi, ba duba waya.