Kada ka bar garken raƙuman nan da ƙafa

Saƙon wannan makon na wani matashi ne ɗan jihar Jigawa. Da murya ya turo shi, gutsure-gutsure, domin ya ce sai ya hau tudun rairayi wayarsa ke kama sabis. Ga abin da ya faɗa a taƙaice:

"Baba, wata 8 ke nan ina Saudiyya. Ejan ya ce aikin direba zan yi a Riyad, Yayana ya jinginar da gonarmu ta gado aka biya shi. Ina sauka kafilina, wato mai gidan da ya ɗauko ni aiki, ya wuce da ni daji, can bayan garin Rumah, kiwon raƙuma 40. A iƙamata, wato katin izinin zama, makiyayi aka rubuta. Fasfona yana hannunsa. Albashina riyal 1,000, ya biya na wata 5, sauran 3 shiru. Wani Bahaushe a Jidda ya ce in gudo zai samo mini aiki, in an sa mini hurub, wato rahoton tserewa daga aiki, zai cire a kan riyal 4,000. Yaya ya ce kada in kuskura in dawo sai an fanshi gona. Inna kuwa tana zaton a kusa da Harami nake. Ya zan yi?"

Ɗana, Allah ya kawo maka mafita. Na saurari saƙonka sau uku, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar mutumin Jidda, don haka da shi zan fara.

A yau, yadda kake zaune a cikin tantin nan, kai ne mai bin bashi. Iƙamarka tana da rai, sunanka babu tabo, kafilinka ne ya saɓa alkawari. Ranar da ka sa ƙafa ka bar wurin ba da saninsa ba, ba sai ya je ko'ina ba, a wayarsa zai shigar da rahoton cewa ka tsere daga aiki. Daga wannan lokacin labari ya juya: shi ya zama wanda aka cuta, kai ka zama wanda ake nema. Albashin wata 3 da kake bi zai yi wuyar karɓa, domin wanda ake nema ba ya iya tako ofishin ƙwadago da ƙwarin gwiwa. Kowane shingen 'yan sanda tsakanin Riyad da Jidda, tafiyar kusan kilomita 950, zai zame maka abin fargaba. Ƙarshen wannan hanya na san shi: tarhil ɗin Shumaisi, wato gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, da ke tsakanin Makka da Jidda, zaman jiran takardar tafiya, ɗaukar hoton yatsu, sannan a sako ka a jirgi da hanin dawowa aiki a ƙasar.

Shi kuma cire hurub da riyal 4,000, ka tambaye shi ta wace ƙofa. Rahoton nan a kwamfutar hukuma yake. Ko dai wanda ya shigar da shi ya janye cikin ɗan lokacin da aka ba shi, ko ma'aikatar ƙwadago ta soke shi bayan ta gamsu cewa ƙarya ne. Dillalin da ke zaune a shagon shayi a unguwar Karantina ta Jidda ba shi da hannu a ko ɗaya. A shekarun da na yi a Jidda na ga yadda abin ke tafiya. Wani yaro da na sani ya ba da kuɗinsa sau biyu, kowane karo a ce masa "takarda tana hannun mutumina, saura sa hannu." Shekara guda yana ɗaukar kaya a kasuwa a ɓoye, rabin abin da ya samu yana shiga aljihun dillalin a matsayin kuɗin ɗaki da kuɗin rufin asiri. Ranar da aka kama shi, lambar dillalin ta daina shiga. Wata baiwar Allah kuma, da ta bar gidan aikinta bisa irin wannan alkawari, ta tarar an riga an sayar da aikinta ga wani gida, kuma albashinta ba ya biyowa ta hannunta. Gudun gara ne, a faɗa gidan zago. Kuma kada jin Hausa a bakinsa ya ruɗe ka, ejan da ya ce maka direba za ka zama shi ma Hausa ya yi maka.

Akwai kuma abin da ban ji ka ambata ba, wato ita kanta hamadar. Mutumin Jidda ya ce ka gudo, bai ce zai zo da mota ba. Yankin da kake gefen rairayin Dahna ne. Mutanen ƙasar da aka haifa a wurin, da motocinsu masu ƙarfi da jarkokin ruwa, suna ɓata a cikinsa har a fita nemansu. Da zafi ya kama, rana tana wuce digiri 45, kuma mai tafiya a ƙasa ba ya iya ɗaukar ruwan da zai ishe shi yini biyu. Tudun da ka sani yau, iska za ta sauya masa kama. Ina roƙonka don Allah kada ka gwada. In ranka ne ke cikin haɗari, ko an doke ka, ko an bar ka babu ruwa da abinci, ka hau tudun nan ka kira 911, lambar gaggawa ce a lardin Riyad, ka ba su wurin da kake ta taswirar waya. 

Zan gaya maka gaskiya game da matsayinka, ko da ba daɗi. Sauye-sauyen da Saudiyya ta fara aiki da su a watan Maris na 2021, waɗanda suka ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki da neman bizar fita da kansa, ba su haɗa da makiyaya ba, kamar yadda ba su haɗa da direban gida da mai gadi da 'yar aiki ba. Don haka in wani ya ce maka an soke kafala, wato tsarin ɗaure ma'aikaci da kafilinsa, ka shiga Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, ka canza mai gida kawai, ba da kai yake ba. Kalmar nan guda da aka rubuta a iƙamarka ita ce tarkon da ejan ya kafa maka tun kana gida. Amma wannan bai mayar da kai marar haƙƙi ba. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokar ƙasar. Hana albashi wata 3 yana cikin manyan dalilan da ake kafa hujja da su wajen neman a sauya wa mutum mai gida ko a sallame shi da haƙƙinsa.

Abin da zai cece ka shi ne shaida. Ka ɗauki hoton iƙamarka gaba da baya, da duk wata takarda da ejan ya ba ka, da saƙonnin da ya ce maka aikin tuƙi ne. Ka tura su ga mutum biyu da ka amince da su, kada su zauna a wayarka kaɗai. Ka rubuta wa kafilinka saƙon waya cikin ladabi, ko da Larabcin daji ne, kana tambayar albashin wata kaza da kaza, domin amsar da zai ba ka ita ma shaida ce. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan wata takarda da ba ka iya karantawa ba; na ga waɗanda suka dangwala a kan cewa an biya su komai ba su sani ba. Sannan ka kira 19911, layin ma'aikatar ƙwadago, ka shigar da ƙara da lambar iƙamarka, ka riƙe lambar ƙarar. Ka sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyad da rubutu. Ƙarar da ta riga rahoton tserewa shiga kwamfuta ita ce garkuwarka in ya yi yunƙurin rama maka da hurub na ƙarya. Makiyayan Sudan da ke garkunan kusa da kai, da yawansu sun shekara goma a wannan aiki, ka nemi dattijo a cikinsu ya taimaka maka da Larabci.

Lokaci ma yana gefenka. Sanyi na shigowa dajin nan zai cika da mutane, masu kafa tantuna su kwana a rairayi, sannan ga bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz da ake yi a Sayahid, nan kusa da Rumah, daga watan Disamba. A wannan lokacin mai garke ba ya son rasa makiyayin da raƙumansa suka saba da shi, kuma ba ya son ƙara a kansa. Mai raƙuma 40 ba rashin riyal 3,000 ne ya hana shi biyanka ba, ganin ba ka da mai tsaya maka ne. Da yawa irinsa suna biya da zarar saƙon ma'aikata ya shigo wayarsu.

Sai maganar Yaya. Ba zan ɓoye maka ba, a nan ina bayanka. Ya yi ƙoƙari da ya tsaya maka, Allah ya saka masa. Amma shi ya kawo ejan, shi ya yanke shawarar jinginar da gona, kuma gonar ta gado ce, ta ku duka. Bai dace asarar da aka tafka tare ta zama kai kaɗai za ka biya ta da jikinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya yana kwana a ɗakinsa kusa da iyalinsa, kai kana kwana da kunama da macizan rairayi, kana tashi da asuba bin raƙuma, watanni ba ka ga sallar Juma'a ba. Cewa kada ka kuskura ka dawo magana ce mai nauyi, irin wadda ke tura yara hannun dillalai, domin yaron da aka rufe wa ƙofar gida duk wata ƙofa zai shiga. Mun mayar da tafiya Saudiyya abin alfahari har iyali sun gwammace ɗansu ya wahala a ɓoye da ya dawo a ce bai yi nasara ba. Wannan ba zumunci ba ne, kuma zan faɗa wa Yayanka haka da bakina in ka haɗa mu.

In yana neman inda zai huce haushinsa, ga ejan nan a gida. Wanda ya karɓi kuɗi ya yi alkawarin aikin tuƙi ya tura mutum kiwo, yaudara ya yi, kuma hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don irin wannan safarar mutane, tana karɓar ƙara. Yaya ya tattara shaidar biyan kuɗin da waɗanda aka biya a gabansu, ya je. Ko rabin kuɗin aka ƙwato, ya rage nauyin jingina.

Inna kuma ka gaya mata gaskiya da kanka, kafin ta ji a bakin wani. Ba sai ka zayyana mata komai ba. Ka ce mata kiwo kake yi a daji nesa da Makka, albashi ya tsaya, kana bin haƙƙinka ta hanyar hukuma, kana neman addu'arta. Ban taɓa ganin uwar da aka ba zaɓi tsakanin gona da ɗanta ta zaɓi gona ba, kuma maganarta ce kaɗai za ta sauko da Yaya.

In ka samu lambar ƙarar, ka turo mini ita tare da ranar da iƙamarka za ta ƙare, domin matakin gaba ya dogara da yawan watannin da suka rage mata. Mutumin Jidda kuwa kada ka ba shi hoton iƙamarka, kada ka gaya masa sunan kafilinka.