Hayaƙin Kalambaina, na wane ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan bulo a Sakkwato. Na ji ana cewa harkar gini na cikin masu ɗumama yanayi. Mu da ba mu da komai sai ɗan janareta, yaya muka shiga lissafi? Ashe ba kamfanin siminti ya kamata a tambaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lissafi biyu ake yi a wannan fanni, kuma kai na farkon ka riƙa: a rubuta iskar kabon, mai ɗumama yanayi, a kan wanda ta fita daga harabarsa. Na biyun yana bin sawun kaya ne, daga inda aka haƙo su har hannun mai amfani da su.

Ɗauki buhun simintin da ka fasa yau. A Kalambaina, inda ake yin siminti tun 1967, ana gasa farin dutse a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin ya zama kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa a samu siminti. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dutsen kansa yana amayar da kabon idan ya gasu, kusan rabin tan a kowane tan na kilinka, tun ba a lissafa makamashin da aka ƙona ba. Shi ya sa siminti kaɗai ke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa. To, don wa aka gasa dutsen? Don kai da mai gidan da ya sayi bulonka. Ƙara da man gas ɗin tifar yashi, da wutar da ta narka rodi, da tirelar da ta kawo shi. Duk wannan yana kwance a cikin katanga, ko da ba a ga hayaƙi a wurin ginin ba.

Masana na bin wannan sarƙa da jadawalin Wassily Leontief, masanin tattalin arziki da ya samu kyautar Nobel a 1973. Jadawalin na nuna abin da kowane ɓangaren tattalin arziki ya saya daga ɗan'uwansa. Haka ake gano cewa albasar fadamun Goronyo na ɗauke da kabon ɗin takin yuriya da aka yi da iskar gas a Kudu.

A ganina lissafi na biyun ya fi amfani, domin shi ke nuna inda gyara zai yiwu. Mai kamfani ba zai iya hana dutse halinsa ba, amma yana iya rage kilinka ya haɗa da gasasshen yumɓu, abin da zai iya rage kabon har zuwa kusan kashi 40 cikin 100. Maganar ta ma shiga ciniki: daga 2023 Tarayyar Turai ta fara neman a bayyana kabon ɗin da ke cikin siminti, ƙarfe da takin da ake shigar mata.

Kai kuma rabonka yana wajen aiki. Auna kwaɓi daidai, ka shayar da bulo ruwa sosai har ya ƙanƙame, musamman da bazarar Sakkwato da ke busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Bulon da ya farfashe a hanya, sai an sake gasa wani dutsen kafin a maye gurbinsa.