Tambaya da Amsa: Yadda Ake Zana Akawal da Fenti

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zana dokin kawuna, akawal ne, wato baƙin doki, da fentin akirilik. Sai ya fito baƙi ƙirin kamar an shafa kwalta, ba a gane ƙirji balle cinya. Ga fentin yana bushe mini tun a faranti. Ina gyaran yake?
Mai karatu daga Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin na baƙin fentin da ka matso kai tsaye daga roba ne. Ajiye shi gefe, ka haɗa naka: kashi ɗaya na shuɗin da aka rubuta wa ultramarine, kashi ɗaya na ruwan ƙasa mai suna burnt umber. Wannan baƙin yana juyuwa. Ka ƙara shuɗi ya yi sanyi, ka ƙara ruwan ƙasa ya yi ɗumi.

Je ka tsaya kusa da dokin da hantsi, ka ƙanƙance ido. Gadon bayansa da kuturinsa launin sama suke ɗauka, toka-toka mai shuɗi. Ƙasan cikinsa kuwa jan ƙasar da yake tsaye a kai ne yake haskawa. Baƙi na gaske kaɗan ne: cikin hanci, ƙasan muƙamuƙi, tsakanin ƙafafu. Hoton da aka ɗauka da tsakar rana yana kashe duk wannan, don haka ka ɗauka da safe ko bayan la'asar.

Fara shafe ƙyallen zanen da fenti ruwan ƙasa marar kauri, domin farin ƙyalle yana yaudarar ido. Sa wurare masu duhu tukuna, sannan matsakaita, haske a ƙarshe, buroshi yana bin kwanciyar gashi. Ka tuna akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, saboda haka hasken ya ɗan fi yadda kake so. A ido kuma, baƙin idon doki a kwance yake, ba zagaye ba. Ɗigon fari ɗaya a sama ya isa.

Bushewa kuwa aikin hunturu ne. Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ɗora takardar da masu gasa kek suke amfani da ita, ka matsa fentin a kai. Kada ruwan da kake sirkawa ya wuce kashi 1 cikin 3, in ya wuce fentin ba ya kama ƙyalle sosai.