Me Ya Sa Ɗan Wasana Yake Jinkirin Ba Da Ƙwallo?

Tambaya: Malam, ina buga ƙwallon ƙafa ta intanet a wayata, amma in na danna don ba da ƙwallo sai ɗan wasan ya yi jinkiri har a ƙwace, a ci ni. Abin yana ƙona mini rai. Daga wani matashi, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, na san wannan takaici. Duk umarnin da ka danna sai ya je babbar kwamfutar wasan, wadda galibi tana wata ƙasa mai nisa, sannan ya dawo, kuma idan tafiyar ta wuce kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, za ka ji ɗan wasanka ya yi nauyi, domin hoton yakan sauya har sau 60 a daƙiƙa guda.

Akwai kuma zafi, wanda ake yawan mantawa da shi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, waya takan rage saurinta da kanta don kada ta lalace. Ka daina buga wasa tana kan caji, ka rage ingancin hoto, kuma ka gwada da sassafe kafin layi ya cunkushe.