Amsa ga ƙanenmu mai shagon buga takardu a Samaru

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ƙanenmu na Samaru, wanda ya ce firintarsa HP LaserJet P1102 ta ƙi buga komai, takardu sai su maƙale a layi, ya goge ta ya sake jonawa amma shiru, ga ɗaliban ABU sun cika masa shago da aikin furojet. To ƙanena, muryar za ta ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri ka saurara.

Abin da ka goge ɗin nan hoton firintar ne kawai. Direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya magana da firintar, yana nan kwance a cikin Windows, shi ya sa kana mayar da wayar USB kwamfutar ta sake ɗauko lalataccen nan ta ɗora maka. Sai an tumɓuke shi gaba ɗaya.

Fara zare wayar USB ɗin, ka kashe firintar. Danna maɓallin Windows da R a tare, ɗan akwati zai fito, ka rubuta services.msc. A cikin jerin ka nemi Print Spooler, shi ne mai jera takardu kafin su wuce firinta, ka tsayar da shi. Daga nan ka shiga C, Windows, System32, spool, sai PRINTERS. Duk abin da ka tarar a ciki tsofaffin takardun da suka maƙale ne, share su, amma don Allah kar ka share ita jakar kanta. Koma ka tayar da Spooler ɗin.

Yanzu je Control Panel, Devices and Printers, ka cire firintar. Af, in ka ga an rubuta Copy 1 ko Copy 2 a gaban sunanta, su ma cire su. Yawan canza ramin USB ne ke haifar da su, kuma sau da yawa takardar mutum wajen matacciyar take tafiya, shi kuma yana ta zagin inji.

Nan ne wurin da mutane ke tsallakewa. Sake danna Windows da R, ka rubuta printui /s /t2, da tazara kafin kowace sanda (/). Direbobin da ke kwamfutar duk za su bayyana. Zaɓi na P1102, danna Remove, zai ba ka zaɓi biyu. Ɗauki na biyun, wanda ya ce Remove driver and driver package. In ya ce maka ana amfani da direban, kar ka damu, kashe Spooler ka sake kunnawa ka gwada nan take. In ya ƙi, kashe kwamfutar ka kunna ka maimaita.

Sabon direba kuma, shafin HP za ka je ka rubuta lambar firintar. Duba Settings, System, About ka ga ko 64-bit ce kwamfutarka ko 32-bit, don ka ɗauko direban da ya dace da ita. In Windows 11 ce, 64 ce kai tsaye. Ni dai ban yarda da direban da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago ba, ga tsufa ga bairos. Haka manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka a danna ɗaya, rabu da su.

Sannan kar ka jona wayar sai manhajar da ke girka sabon direban ta ce ka jona. Kuma ka yi aikin a lokacin da ka san wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba, ko ka tayar da janareto.

Ya gama, danna Print Test Page. In takardar ta fito amma rubutun ya yi fari-fari, to ba direba ba ne kuma, tona ce, wato garin tawadar firintar, mai lamba 85A take ci. In ko motsi ba ta yi ba, ari wata wayar USB wajen maƙwabcinka ka gwada. In har yanzu shiru, ɗauki hoton saƙon da ya fito a allon ka turo nan gidan mu gani.