Amsa ga uwar da ta yi tambaya kan aikin leza a maƙogwaron ɗanta

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Da na karanta cewa ɗanki mai shekara 9 yana da curin jijiyoyin jini daga bayan harshe zuwa maƙogwaro, yana minshari yana farkawa a firgice, sai da gabana ya faɗi, don ciwon da muke fama da shi ke nan. Kin tambaya ko leza sau ɗaya za ta raba shi da abin. Gaskiya ba za ta raba shi ba. Rage shi take yi ta buɗe hanyar numfashi, kuma akan maimaita da tazarar makonni ko watanni.

Ki matsa su faɗa miki ainihin sunan curin, bayan hoton MRI. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ganin kowane shuɗin kumburi su ce hemanjiyoma ce, wato ƙarin jini da ke fito wa jarirai, su ɗora yaro a kan maganin propranolol wata da watanni. Tun 2008 maganin nan yake taimakon jarirai masu hemanjiyoma, amma curin jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ko gezau ba ya yi. Da irin wannan curin aka haifi yaro, tare suke girma, yana cika idan ya kwanta ko ya yi kuka. In kuwa mai bugawa ne kamar zuciya, a bar maganar leza, jini zai ɓalle.

Lezar da ta dace da irin nasa ita ce Nd:YAG, mai tsawon zangon haske nanomita 1064, domin tana ratsa milimita da dama ta dafa jinin da ke ciki, jijiyar ta tsuke. Ta CO2 a sama take tsayawa. Likita yana ɗiga hasken ɗigo-ɗigo, yana barin lafiyayyar fata a tsakani, da wurin ya yi fari ya motse sai ya matsa gaba. In ya haɗe ɗigon, gyambo ne zai biyo baya. In ya zagaye hanyar iskar a zama ɗaya, tabo zai shaƙe ta.

Amma wallahi tashin hankalin yana bayan aikin. Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu zuwa na uku, daidai lokacin da kowa ya saki jiki. Murya ta dushe, yawu na dalala don ya kasa haɗiya, ramin wuya na lotsawa da kowane numfashi, ga wata ƙara siririya idan ya ja iska. Wanda ya taɓa jin ƙarar nan da tsakar dare ba ya mantawa. Idan kin ji ta, kada ki jira gari ya waye. Don haka tun kafin ki sa hannu ki tambaye su: zai kwana da bututun numfashi? Za a ba shi dexamethasone, maganin rage kumburi? Akwai shirin huda wuya na ɗan lokaci don ya yi numfashi ta nan? Ya riƙa kwanciya kai a ɗage, abinci mai laushi mai sanyi.

A yi gwajin daskarar jini na D-dimer da fibrinojin tukuna, don babban curi yana cinye sinadaran daskarar jini. Ki ga mai ba da maganin barci ma, shi ke rage oksijin ƙasa da kashi 30 cikin 100 da sa bututun da ke jure zafin leza, don kada wuta ta tashi a hanyar iska.

Abin da ya yi zurfi, allurar bleomycin, maganin da ake ɗurawa cikin curin don ya tsuke, ita ce ke kai masa. Ki kuma sa ido lokacin balaga, a nan yakan sake tasowa. Allah Ya ba shi lafiya.